Cibiyar koyon haɗa shafin intanet a titin Gidan Zoo: ra'ayina

Duk wanda ya gama bautar ƙasa bai samu shiga shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 ba, akwai wata cibiya a titin Gidan Zoo nan Kano, gaskiya ba laifi. Wata 3 ne, HTML da CSS da JavaScript (yarukan kwamfuta da ake haɗa shafi da su), sai ɗan Git (manhajar adana sauye-sauyen da aka yi wa aiki) a ƙarshe. Suna da sola, ko an ɗauke wuta aji baya tashi, amma fa intanet ɗinsu da yamma sai addu'a.

Abin da ya jawo surutu shi ne rangwamen da suke wa mata da aron laftop. Wasu samarin ajinmu har da cewa wai an kwashe rabonsu an ba 'yan mata, alhali ba wanda aka hana kujera, kuɗinmu ma ko naira bai ƙaru ba. Wadda muke rukuni ɗaya da ita, lissafi ta karanta a BUK, ita ta gano dalilin da fom ɗin shafinmu ya ƙi tura saƙo, ashe alamar baka (bracket) ɗaya ce ba mu rufe ba a rubutun da muka haɗa shafin da shi, kuma ita ta samo mana aikin farko, shafin wata Hajiya mai atamfa da turaren wuta da ba za ta taɓa barin namiji ya shigo mata gida ɗaukar hoton kaya ba. Kuɗin daidai muka raba.

Su dai gyara lokacin tashi don Allah, ajin yamma yana kaiwa bayan magariba, matan da ke zuwa daga Hotoro ko Rijiyar Zaki dole su fita kafin a gama. Tauraro 4 cikin 5.