Wata biyar a wurin mai gyaran magana saboda in'ina

Shekaruna 36, kuma tun ina firamare nake fama da in'ina. Tawa ta maƙalewa ce: baki a buɗe, iska ta tokare a maƙogwaro, ba abin da ke fita. Inda ta fi wulaƙanta ni shi ne sallama a waya. Alifin "Assalamu alaikum" sai ya tsaya mini cak, wanda na kira ya yi ta "halo, halo", ya ɗauka sabis ne ya kashe. Ga shi harkar atamfa nake yi a Kwari, rabin cinikina ta waya ne. Rubutu na sha, tofi an yi, addu'ar Annabi Musa ta warware ƙullin harshe kuwa har gobe ban fasa ba. Uwargida ce ta matsa mini na je wani asibiti mai zaman kansa inda ake da mai gyaran magana. Kuɗin zama guda ba sai na faɗa ba, wanda ya taɓa zuwa ya san zafinsa.

Dakta nake ce masa, duk da ya ce shi ba likita ba ne. Ranar farko ya faɗa mini gaskiya: babba irina ba a cire masa in'ina kamar haƙori, sai dai ya koyi yin ta cikin sauƙi. Ya ce kusan mutum 1 cikin 100 na manya yana da ita, maza sun ninka mata wajen sau huɗu, kuma tana bin jini. Nan na tuna kawuna. Sai ya zana mini dutsen ƙanƙara mai yawo a teku, misalin wani masani Ba'amurke Joseph Sheehan, wai abin da mutane ke ji kaɗan ne, kunya da tsoro da gudun magana su ne a ƙarƙashin ruwa. Na ce masa Dakta ni ban taɓa ganin teku ba, a wurinmu sai dai a ce rogo. Ya yi dariya, daga nan kullum sai ya tambaye ni, "Malam, ya rogonmu?"

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne zama na huɗu. Ina shiga ya ce mu fita. Muka tsallaka titi wurin wani mai shayi, da mutane kusan shida a benci. Mutumin nan da maganarsa ke zuba kamar ruwa ya tsaya gaban tebur ya ce, "A ba ni b-b-b-b..." ya riƙe, ya matse leɓe, har da lumshe ido irin yadda nake yi, kafin "biredi" ta fito. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage. Raina ya ɓaci, na ce ashe kuɗi na biya a kwaikwaye ni a bainar jama'a. Muka koma gefe ya tambaye ni me mai shayin ya yi. Na ce ban sani ba, ƙasa nake kallo. Ya ce to mu sake, wannan karon kalli mai kayan, kada ka kalle ni.

Ya sake a wurin mai sayar da katin waya. Na zuba ido. Yaron jira kawai ya yi, ya miƙa kati, ya ba da canji, ya ci gaba da danna wayarsa. Shekara talatin ina tsoron fuskar da ban taɓa ɗaga kai na gani ba. Sai ya ce saura ni, kuma da gangan zan yi in'inar, a kalmar da ba ta ba ni wahala. Hannuna na rawa na yi. Daga baya ya bayyana mini cewa wannan daga tsarin wani masanin gyaran magana Charles Van Riper ne, wanda shi ma mai in'ina ne: ka daina kokawa da maƙalewar, ka tsaya a cikinta, ka sassauta leɓe da harshe, ka zame a hankali. A ranar, da an ce in ba shi maki, da goma bisa goma zan ba shi.

To amma tun da na fara, bari in faɗi sauran. Hausarsa ba ta nuna ba, takardun atisayen duk da Turanci suke, alhali ni har a ƙ da ɓ da ɗ nake maƙalewa, kuma ba da Turanci nake ciniki ba. Ni na zauna na rubuta jerin kalmomina. Sau uku yana ɗage zama bayan na bar shago na shiga ɗan sahu. Sau ɗaya na tarar da wata ɗaliba a kujerarsa ba tare da an sanar da ni ba, na koma ba da labarin rayuwata daga farko. Wanda ya fi ci mini rai kuwa a wata na huɗu ne: na maƙale a "Alhamis", ya dubi agogo, ya ƙarasa mini kalmar. Shi da ya ce in gaya wa iyalina su daina yi mini haka. Ya lura, ya ce "yi haƙuri Malam", amma ranar ban ƙara sakin jiki ba, zaman da ya biyo baya ma ban je ba.

Na koma dai, don har yanzu ban ga wanda ya taɓa tsayawa gaban mai shayi ya ɗauki kunyata ya ɗora wa kansa ba. In'ina tana nan, jiya ma ta kama ni da wani kwastoma daga Maraɗi, sai dai na tsaya a kan layin har sallamar ta fito. Saura zama biyu a kuɗin da na biya. Na ce wa uwargida in ya sake ɗage mini ko guda, ba zan sabunta ba.