Ubuntu a gefen Windows kan kwamfuta mai RAID: yadda muka ƙare da mai gyara

Shagon ɗaukar hoto gare ni a Wadata, nan Yamai. Kwamfutar aikina tana da faifai biyu, kowanne terabait 1, an haɗa su RAID 1: duk hoton da ya shiga wannan, nan take yana kan wancan. Hotunan aure da suna na jama'a ne a ciki, shi ya sa nake kaffa-kaffa da ita.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ya matsa sai an sa masa Ubuntu 22.04, wato wani nau'in tsarin Linux, a gefen Windows, ya riƙa aiki da dare. Na kira wani matashi mai gyara, muka yi jinga jika goma.

Da ya tayar da Ubuntu daga filashi, maimakon faifai ɗaya da Windows ke nunawa, sai ga biyu, sda da sdb, kowanne zaman kansa. Dalili kuwa, RAID ɗin nan na Intel RST ne, ba shi da katinsa na musamman. BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, da direban Windows ne ke riƙe da haɗin. In ka yanka fili a ɗaya daga cikinsu, ka raba tagwaye ke nan.

A nan yaron ya yi abin da bai yi min daɗi ba. Bai tambaye ni ko ina da kwafin hotunan a waje ba, sai ya faɗa BIOS ya mayar da saitin faifai (SATA) daga RAID zuwa AHCI, inda kowane faifai ke zaman kansa. Windows ya tashi da shuɗin allo, INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Gabana ya faɗi ras, ga hotunan wani biki da ban kai wa masu shi ba.

"Maigida, kwantar da hankalinka, ba abin da ya goge," in ji shi, yana share gumi.

Ya mayar da saitin yadda yake, Windows ya dawo, Alhamdulillahi. Ban bar shi ya ƙara taɓa komai ba sai da muka kwashe hotunan a faifan waje, abin da ya cinye mana tun azahar har magariba.

Washegari ya zo da dabarar da ta fanshe shi a wurina. Na sayi sabon faifai, SSD mai gigabait 256, ya zare wayoyin faifan nan biyu gaba ɗaya, ya sa Ubuntu da GRUB, manhajar da ke tayar da shi, a kan sabon shi kaɗai, sannan ya mayar da su. Yanzu a menu na tashi ake zaɓar wanda za a shiga. Ya sa mdadm, manhajar RAID ta Linux da ke gane tsarin Intel, sai tagwayen suka bayyana a matsayin md126. Ya kuma kashe Fast Startup na Windows, don in yana kunne Linux karantawa kawai yake yi, ba ya rubutu.

Wata uku ke nan ba matsala, sai agogo. Ubuntu na ajiye lokacin UTC, wato agogon duniya, mu kuwa Nijar muna gaba da awa ɗaya, sai Windows ya riƙa nuna ƙarfe uku alhali ladan na kiran la'asar. Umarni ɗaya na timedatectl ya gyara wannan, ta waya ma ya karanto min.

Zan sake kiransa, amma ina tsaye a kansa, kuma faifan waje na hannuna kafin ya kusanci BIOS.