Rufus: yadda na yi amfani da shi wajen sabunta kwamfutar shagona

Kwamfutar tebur ɗaya ce ke ciyar da gidana. A kanta nake buga takardun makaranta, katin gayyatar biki, da rasidin 'yan kasuwar layinmu. Shekara huɗu ke nan ba a taɓa yi mata fomatin ba, har ta kai idan na kunna ta da safe sai na share shago na dawo kafin ta gama farkawa. Da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai na ga babu sauran jinkiri: a goge komai, a zuba Windows 11 sabo fil.

Ƙanena ne ya ce, "Yaya, kada ka kai ta ko'ina, nemi Rufus kawai." Manhaja ce kyauta wadda wani mai suna Pete Batard ya fara fitarwa a 2011. Babban aikinta: ta ɗauki fayil ɗin ISO, wato fayil guda da ke ƙunshe da dukan kayan girka Windows, ta mayar da filashi abin da kwamfuta za ta iya tashi daga kansa. Nauyinta bai kai na hoto biyu na waya ba, kuma ba sai an girka ta ba, ana dannawa take buɗewa.

Amma kafin in taɓa ta, kwana biyu na yi ina kwashe kaya. Takardun mutane na kan gaba, don amana ce. Na kwafe su zuwa faifan ajiya na waje, sannan na buɗe wasu ɗaya bayan ɗaya don in tabbatar sun kwafu lafiya. Abin da ya kusa kuɓuce mini shi ne salon haruffan da na tara shekara da shekaru, waɗanda suke zaune a cikin jakar Fonts. Idan suka tafi, duk tsohon katin biki da na buɗe sai fasalinsa ya wargaje. Na kuma rubuta kalmomin sirrin imel a takarda, na sauke direban firinta (manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da ita) da na 'yar na'urar Wi-Fi da nake maƙalawa a baya. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin kwamfutar da ta tashi ba ta ganin intanet ba ta da hanyar nemo wa kanta sauran direbobi. Mai BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle bayanan faifai da shi, a kunne kuma ya ajiye lambobin nan 48 na buɗewa tun kafin ya fara.

Inda Rufus ya shiga raina shi ne batun filashi. Na sayi wani mai gigabait 32 a wani shago, da araha. Akwai wani zaɓi a cikin manhajar da ke binciken lafiyar filashi kafin a rubuta komai, kuma yana gano na jabu, irin waɗanda ke nuna girman da ba su da shi. Na kunna shi don ƙanena ya nace. Ya ɗauki lokaci mai tsawo, har na fara ƙosawa, sai ga sakamako: filashin bai da lafiya. Da na wuce kai tsaye, da sai na goge kwamfutar tas sannan aikin ya tsaya a tsakiya, ga takardun jarabawar wata makaranta suna jirana ranar Litinin. Na koma na ɗauko tsohon filashina mai gigabait 16, wanda ya wadatar, tunda 8 ake buƙata.

Wuri ɗaya zai iya rikita sabon shiga, wato zaɓi tsakanin GPT da MBR, tsare-tsare biyu na shirya faifai, sabo da tsoho. Manhajar ba za ta san wace kwamfuta kake nufi ba, kai ne za ka sani. Na rubuta msinfo32 a wurin bincike, na duba layin da ke nuna yanayin BIOS (tsarin da ke tayar da kwamfuta), na ga UEFI, wato sabon tsari, don haka na bar shi a GPT. Wanda ya ga Legacy, tasa tsohuwar hanya ce, wato MBR. Bayan haka na danna START, ya gargaɗe ni cewa duk abin da ke cikin filashin zai goge, kuma da gaske yake. Minti goma sha wani abu, aiki ya kammala.

Kafin ya fara yakan fito da 'yan akwatuna. Ɗaya yana cire sharaɗin TPM 2.0 da Secure Boot (matakan tsaro na cikin injin) da RAM gigabait 4 da Windows 11 ke gindayawa. Tawa ta cika sharuɗɗan, ban taɓa shi ba. Na san mutane da yawa saboda wannan akwatin suke son Rufus, kuma na fahimce su, don ba kowa ke da kuɗin sabuwar kwamfuta ba. Sai dai Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da turo gyare-gyare ga injin da bai cika sharaɗi ba, kuma ni ba zan ɗora abincin iyalina a kan haka ba.

A kan Windows kaɗai yake aiki, kuma sababbin fitowarsa ba sa buɗewa a Windows 7. Mai ita sai ya nemi fitowa ta 3.22. Don haka a haɗa filashin tun kwamfutar tana numfashi.

Ranar Asabar da daddare na tayar da janareta, don ban yarda wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki ba. Na cire faifan ajiyar waje na sa a aljihun tebur, gudun kada in goge shi bisa kuskure, na danna F12 yayin da kwamfutar ke tashi na zaɓi filashi. Lasisin Windows ya dawo da kansa da na haɗa intanet. Abu na farko da na ƙara shi ne allon rubutun Hausa, na gwada ƙ da ɗ da ɓ, sannan na mayar da haruffana na buɗe takardun jarabawar.