Iya Kilina a Ƙurar Kaduna: Ta Takarda, Mai Wankuwa, ko Mai Gurnani?

Idan hunturu ya kankama, ka kwana da mota a waje a Rigasa ko Mando, da safe har sunanka za ka iya rubutawa da yatsa a jikin gilashi. To, wannan ƙurar ce injinka ke shaƙa. Injin fetur yana cin iska kashi 14.7 a kan kashi ɗaya na mai idan nauyi aka auna, wato duk lita ɗaya da ka sha a gidan mai sai ta tafi da iska wajen lita 9,000. Abin da ke tsare ringi da silinda daga yashin da ke cikin wannan iska shi ne abin nan na cikin baƙin akwatin roba a ƙarƙashin bonet, wanda kanikawa ke kira iya kilina.

Ni dai ba na ɓoye-ɓoye, ta takarda nake sakawa, irin wadda kamfanin mota ya yi wa motar. Takardar an naɗe ta ninki-ninki kamar mafici, don ƙura ta samu wuri mai faɗi ta maƙale ba tare da hanyar iska ta toshe ba. Wasu motocin Toyota tasu kamar bargo take maimakon takarda, amma aikin ɗaya ne. Tana kama lallausar ƙurar nan mai kama da hoda, wadda ita ce ke cin inji a hankali. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, idan ta ɗan sha ƙura ta ma fi tacewa, domin ƙurar farko tana rufe manyan ƙofofin takardar. Ba ta son mai, ba ta son wanki, ba ta buƙatar gwaninta. Ta cika, ka yar, ka sa wata. In ka samu ta kamfanin motarka, ko ta masana'antu irin su Denso, Mann, Mahle da Bosch, ta gaske ba kwaikwayo ba, ka huta. Littafin mota yakan ba ta dubban kilomita masu yawa, amma shi kansa littafin yana cewa a rage idan hanyar mai ƙura ce. Ni duk sabis sai an buɗe na gani da idona, kuma da hunturu ya wuce nake canjawa ko da ba ta nuna gajiya ba.

Sai mai wankuwa, irin ta K&N daga Amurka, wadda aka yi da auduga ake shafa mata jan mai. Iska ta fi wucewa, gaskiya ne, amma inda iska ta samu sauƙi ƙura ma ta samu. Ga wanki da sabulunta na musamman, a jira ta bushe, a shafa mai daidai gwargwado. Hannu ya zarce kaɗan, man ya bi iska ya shafe siririyar wayar iya fulo mita (na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji), mota ta fara shaƙewa, fitilar inji ta kama. Wane yaron gareji ne zai tsaya maka wannan lissafi? Ta soso kuwa a bar wa babur da janareta.

Samari su kuma hankalinsu na kan mai kan tulu, wadda ake cire akwatin gaba ɗaya a ɗaura ta a bakin bututu tsirara. An taka totur ta yi gurnani, mai mota ya ji kamar ya ƙara doki hamsin. A ƙaramin injin Corolla ko Golf ƙara kawai ka saya. Iskar zafi ta cikin bonet take zuƙa, ita kuwa iska mai zafi ba ta da nauyin mai sanyi, balle a watan Afrilu cikin cunkoson Ahmadu Bello Way. Masu ja da bututun zuwa ƙasa kusa da bamba don neman sanyi sun yi gudun gara ne sun faɗa gidan zago. Damina ta zo, ka shiga kududdufi, inji ya kurɓi ruwa, ruwa kuma ba ya matsuwa a silinda, sai kwanrod, wato ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe. Dogon bututun da ake ɗagawa gefen gilashin Hilux shi yana da dalili ga mai ƙetare rafi, kuma ko shi a akwatin iya kilina ta takarda yake zubewa.

Amma duk wannan zaɓi ba shi ne ya ƙona ni ba. Jabu ne.

Shekarun baya na sayi iya kilina a wani shago, kwali fes, tambarin kamfani raɗau, kuɗi ƙasa da rabin na kullum. Har ina murna na yi ciniki. Bayan hunturu mota ta fara shan baƙin mai, da safe tana tayar da hayaƙi shuɗi. Bakanikena ya kwance tiyon da ke bayan akwatin, ya ce, "Alhaji, sa yatsanka nan." Na sa, na fito da shi ja wur, da ɗan ƙaiƙayin yashi. Wurin nan ya kamata a ce ko hoda babu. Da ya ɗaga filtar sai ga robar bakinta ta bushe kamar ƙirgi, ta bar ƙofa a kusurwa ɗaya da tsinken ashana zai wuce. Takardar kuwa tas take, don ƙurar ba ta cikinta take bi ba, ta gefe take zagayawa. Sai da aka sauke inji aka canja ringi.

Tun daga nan, in zan shiga kasuwar Panteka da tsohuwar nake tafiya a leda. Kwali ba shaida ba ne, masu jabu sun fi ƙwarewa a kwali. Ka fitar da ita, ka jera da tsohuwar, tsawo da faɗi da kauri su zo ɗaya, lambar jikinta ta dace da ta motarka. Ka ƙirga ninkin, na jabu ya fi ƙaranci kuma a warwatse. Ka danna robar baki da farce, ta gaske tana lotsawa ta dawo. Ka ɗaga ta saitin rana: haske ya shigo bai ɗaya, ba ɗigo-ɗigo kamar rariya ba. Ka duba inda aka manna takarda da gam ko ya ɗaye. Mai shagon da ya ce sai ka biya kafin a buɗe kwali, ka yi masa sallama.

Akwai kuma 'yar Baljiyam da ake wankewa a shanya a sayar. Takardar da ta sha ruwa ta gama aiki. Haka hurawa da kwamfresa da ake yi a gareji: ƙarfin iskar yana yaga ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, ta fito fari tas alhali ta zama rariya. Wani ma zai karɓi kuɗin sabuwa, ya hure tsohuwar ya mayar. Shi ya sa nake tsayawa a kai har a rufe, in ga kilif ɗin akwatin duka sun kama, in murɗa tiyon in duba ko ya tsage a ninkinsa, sannan in karɓi tsohuwar in jefa a but.