Gyaran kwale-kwalen tsere a Panteka: me ya kamata ƙungiya ta kai musu?

Duk ƙungiyar tseren kwale-kwale da ke atisaye a Kogin Kaduna, gyara na iya cinye kuɗin wata-wata na mambobi. Da rani ruwa kan janye, duwatsu su fito, ƙasan kwale-kwale ya yi ta tsagewa. Sayo kayan gyara daga Turai da dala ya fi ƙarfin ƙananan ƙungiyoyi, shi ya sa ake nufar Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere da ke Kaduna.

A aikin ƙarfe, masu waldar wurin sun cancanci yabo. Suna ƙera tirelar ɗaukar kwale-kwale da marataya mai ƙwari, da sauƙin farashi. Sai dai ku je da awo a rubuce: kwale-kwalen mutum ɗaya ya kai kimanin mita 8, nauyinsa kilo 14 kacal, don haka dole a naɗe marataya da roba mai laushi.

Inda ake samun matsala shi ne liƙin jikin kwale-kwale. Mafi yawan masu liƙin faiba sun saba da bambar mota, da wani gam mai suna resin ɗin poliyesta suke aiki, shi kuwa ba ya kama jikin da aka yi da ifoksi (wani gam mai ƙarfi) sosai. Bayan 'yan watanni facin ya ɓare. Ku sayi ifoksi da kanku, ku tabbatar wurin da za a liƙe ya bushe sarai, a goge shi da samfefa kafin a shafa. Noti kuma ku nace a sa wanda ba ya tsatsa.