Batirin ne ya gaji, ko akwai ɓarawon wuta a cikin motar?

Alhaji, ka ce kana ajiye Corolla ɗinka a ƙofar gida a Birni bayan isha'i lafiya lau, da asuba in ka murɗa makulli sai ƙas-ƙas, sai yaran unguwa sun yi maka turi. Kana tambaya ko ka wuce Kasuwar Dole ka sayo sabon batiri. Ni dai na ce dakata tukuna. Ciwo biyu ne ke kawo haka, da safe kamarsu ɗaya, amma magani daban. Ko dai batirin ya daina riƙe caji, ko kuwa lafiyarsa ƙalau, wani abu ne a motar ke tsotse shi cikin dare. In na biyun ne, sabon ma haka zai wayi gari fanko.

Gwajin da ke raba su ba ya cin ko dala. A cika batirin da caji, da dare ka kwance baƙar waya mai alamar ragi, ka kawar da ita gefe. Da safe ka mayar ka tada mota. In ta tashi tsaf, batiri ya riƙe wutarsa, ɓarawon yana cikin mota. In ta ƙi alhali ba abin da ke haɗe da shi, laifin batiri ne. Agogo da tashoshin rediyo za su goge, wannan ba komai.

Galibi gajiyayyen batiri ba ya mutuwa ba sallama. Makonni kafin nan sitata ta fara jan ƙafa, fitilu na dushewa in ana tada inji. Yakan fito fili a sanyin Disamba da Janairu, shi ya sa ake ɗora wa hunturu laifi, alhali zafin Afrilu da Mayu na Damagaram ne ya riga ya ƙafe masa ruwa ya cinye shi daga ciki. Da mitar auna wuta, cikakken batirin da ya huta yana nuna volt 12.6, a 12.2 saura kusan rabi. In ya kwana ba a haɗe ba ya sauko wajen 10.5, ɗaki ɗaya cikin ɗakunansa shida ya mutu. In kuma ana murɗa makulli ya faɗi ƙasa da 9.6, ƙarfinsa ya ƙare. Irin mai murafu ana iya ƙara masa ruwan batiri tatacce, ba na rijiya ko na famfo ba, amma ɗakin da ya mutu ba ya dawowa. Wannan sai sabo.

Shi kuwa ɓarawon wuta rana ɗaya yake shigowa, sau da yawa bayan an taɓa wayarin. Tuna da kyau: an sa maka sabuwar rediyo, ko na'urar ƙara sauti, ko ƙararrawar ɓarayi, ko wasu fitilu? Masu haɗa waya kai tsaye da batiri ba ta makulli ba, su ne rabin wahalar nan. Mai gyaran wutar mota zai sa mitarsa a kan amfiya 10, ya tsaya da ita tsakanin baƙar waya da kan batiri, ƙofofi a rufe, makulli a cire, ya jira kamar rabin awa har kwamfutar motar ta yi barci. Wutar da motar ke ja bayan nan bai kamata ta wuce amfiya 0.05 ba. In ya wuce, sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi, layin nan ne ɓarawon yake. Kada a tada inji mita na tsakani, za ta ƙone. Gyaran sau da yawa ɗan rile ne (ƙaramin makunnin da ke buɗe wuta ya rufe) da ya maƙale ko waya ɗaya da za a sauya wa wuri, kuɗinsa bai kai kusa da na batiri ba.

Ga lissafin da mutane ke tsallakewa. A ce batirinka mai amfiya 60 ne. Ƙwan fitilar but mai wat 5 da ya ƙi mutuwa yana shan kusan amfiya 0.4, cikin awa goma ya sha 4 ke nan. Lafiyayyen batiri ko a jikinsa. Don haka in ɗan ƙwai kamar wannan ne ya kwantar da motarka a dare ɗaya, ciwon biyu ne tare: akwai ɓarawo, batirin kuma ya yi rauni. Dama haka suke haɗuwa, domin duk lokacin da batiri ya zube ƙasa warwas, wani abu na ƙarfinsa ya tafi ke nan.

Altaneta kuma, wato na'urar da ke yi wa batiri caji in inji na aiki, tana iya shiga kowane ɓangare. In inji na aiki, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5. Ƙasa da haka ba ta cika batiri, sai a zarge shi a banza. In kuma diyod ɗinta, wanda ke hana wuta komawa baya, ya lalace, ita da kanta ce ke shan wutar da dare, kuma zare ƙananan fiyus ba zai nuna ta ba, sai an kwance babbar wayarta, bayan an cire baƙar wayar batiri. Don Allah, Alhaji, kada ka bar kowa ya cire kan batiri inji na aiki wai yana gwada caji. Wannan dabarar tsofaffin motoci ce, a taka tana iya ƙona kwamfuta.

Kafin ka kai ta gareji, goge saman batirin. Ƙurar hunturu in ta haɗu da danshin asid tana ɗan jan wuta tsakanin kawunan biyu. Ka kankare farin garin da ya taru a kansu, ka ɗaure su tam. Daren yau kuma kwance baƙar wayar, sifana mai lamba 10 ta isa, gobe ka faɗa mana abin da motar ta yi.