Faifan biki: wanda ke tashi a kowane gida da wanda ke tashi a ordinatarka kaɗai

Wani ɗan'uwa a wannan zaure, mai ɗaukar bidiyon aure da suna a Tahoua, ya kawo tambaya. Ya ce yana ɗora fim a faifai, ya gwada a ordinata ya tashi lafiya lau, amma idan aka kai gidan amarya sai na'urar DVD ta yi ta juyi daga baya ta ce babu faifai, ko kuma ya tashi a wannan gida ya ƙi a na maƙwabci. Yana son sanin DVD-R zai riƙa saye ko DVD+R.

Malam, za mu zo kan wannan, amma akwai bambancin da ya fi shi girma, kuma nan ne yawancin fayafai ke lalacewa: faifan ajiya daban, faifan DVD-Video daban. Sa faifanka a ordinata ka buɗe shi. Idan abin da ka gani fayil ɗaya ne mai ƙarewa da .mp4, to faifan ajiya ka yi, bai da maraba da kile USB. Ordinata tana karanta kusan kowane irin bidiyo, ita kuwa na'urar DVD nau'in bidiyon MPEG-2 aka ƙera ta ta karanta, ba ta san H.264 da wayoyi da kyamarorin yanzu ke ɗauka da shi ba. Faifan gaske idan ka buɗe shi dosiye za ka gani mai suna VIDEO_TS, a ciki akwai VIDEO_TS.IFO, da VTS_01_0.IFO, da VTS_01_1.VOB, VTS_01_2.VOB haka dai, kowane VOB bai wuce giga 1 ba, sai fayilolin BUP waɗanda kwafin IFO ne don ko ta kwana. IFO ɗin ne ke gaya wa na'ura inda fim ya fara da inda kowane babi yake. Ba a samun wannan ta canza wa fayil suna. Sai manhaja ta sake juya bidiyon gaba ɗaya, kuma DVDStyler na yin haka kyauta.

Akwai hanya ta tsakiya, wato bidiyo nau'in AVI na DivX ko Xvid a faifan ajiya. Tana ɗaukar awoyi da yawa, amma na'urar da ke da tambarin DivX a gabanta kaɗai ke karɓa, ita ma sai girman hoton bai wuce 720×576 ba. Ramin kile da ke gaban na'urorin nan ma wannan iyakar yake da ita. Don kallon gida ba laifi. Aikin da aka biya ka kuɗi kuwa, ba mu ba da shawarar ta ba, tunda ba ka san irin na'urar da ke ɗakin surukai ba. VCD, wato bidiyo a faifan CD, yana tashi kusan ko'ina, sai dai hotonsa 352×288 ne, fuskoki na dusashewa a babbar tele.

Idan za ka haɗa DVD-Video, zaɓi tsarin hoton tele na PAL: 720×576, hoto 25 a daƙiƙa. NTSC na Amurka da Japan ne, 720×480, hoto 29.97. Wani zai ce ai tsohuwar tashar telen Nijar da SECAM take watsawa. Gaskiya ne, amma babu faifan SECAM. Ƙasashen SECAM duk faifan PAL suke amfani da shi, kuma Najeriya ma PAL ce, don haka faifan da aka aika wa dangi a Sakkwato zai tashi. NTSC a tsohuwar tele kan fito baƙi da fari ko ya riƙa birgima. Sauti kuma dole ya zama 48 kHz, a sa shi nau'in AC-3 a kan 192 ko 224 kbps. Kiɗan da aka ɗauko daga MP3 galibi 44.1 kHz ne, idan bai juyu ba hoto na iya fitowa shiru babu murya.

Yanzu DVD-R da DVD+R. Pioneer ce ta fito da DVD-R a 1997, DVD+R kuwa sai 2002 daga ɓangaren su Philips da Sony. Wannan tazarar ce ta sa tsofaffin na'urori suka fi sanin DVD-R. A wajen kyawun hoto babu wani bambanci ko kaɗan, duka biyu giga 4.7 suke ɗauka. DVD+R na da dabara ɗaya da ɗan'uwansa ba shi da ita: ana iya canza masa shaidar da yake nuna wa na'ura ta zama DVD-ROM, sai tsohuwar na'ura ta ɗauka faifan kamfani ne. Manhajar ɗorawa ta ImgBurn na yin wannan, amma sai in na'urar ɗorawarka ta yarda, kuma ba duka ke yarda ba. Hukuncinmu: in ba ka tabbatar taka na yi ba, sayi DVD-R ka huta.

Faifan RW mai gogewa na gwaji ne, kada ka miƙa wa mai biki. Hasken da yake mayarwa ga idon na'ura kashi 18 zuwa 30 cikin ɗari ne, na DVD-R kuwa 45 zuwa 85, don haka idon da ya tsufa ko ƙurar hunturu ta rufe ba ya ganinsa. Faifai mai hawa biyu na giga 8.5 shi ma haskensa kaɗan ne, ga shi fim kan tsaya daidai inda ido ke tsallakawa hawa na biyu. Fayafai biyu masu hawa ɗaya sun fi shi aminci.

Nan ne ya kamata a yi lissafi, don masu biki na son a cusa kamu da ɗaurin aure da kai amarya duk a faifai ɗaya. Giga 4.7 da aka rubuta a kwali, Windows za ta nuna maka kusan 4.37. Fim na awa ɗaya zai ɗauki 8 Mbps (wato nauyin bidiyo a kowace daƙiƙa), minti 90 wajen 6, awa biyu wajen 4.5. Ƙasa da haka, wurin rawa da kaɗa mayafi hoto zai fara farfashewa gida-gida, musamman wanda aka ɗauka da dare. Ƙa'ida ta yarda bidiyo ya kai 9.8 Mbps, amma faifan da aka ɗora a gida ya fi na kamfani wuyar karantawa, saboda haka tsayar da ƙololuwar a 8. Kuma kada ka cika faifan maƙil, tsaya wajen 4.2. Ana rubutu ne daga tsakiya zuwa baki, bakin kuwa nan ne rinin da ake rubutu a kansa a faifai mai araha ya fi rauni, nan kuma yatsu ke taɓawa. Duk faifan da ke tafiya lafiya sai ya zo ƙarshe ya daskare, can za ka duba.

Wajen ɗorawa, sa DVDStyler ta fitar maka da ISO, wato fayil ɗaya mai ɗauke da faifan gaba ɗaya, sannan ka ɗora shi da ImgBurn. Kada ka ja dosiyen VIDEO_TS ka jefa a faifai ta Windows, balle in ka zaɓi «Comme un lecteur flash USB»: faifan zai kasance a buɗe ba a rufe shi ba, kuma fayilolin ba za su jeru yadda tsarin UDF 1.02 na faifan DVD-Video ke so ba. Faifan 16x ka ɗora shi a 6x ko 8x, ka bar akwatin tantancewa a kunne don manhajar ta sake karanta abin da ta rubuta. Yi aikin a ordinata mai batir, don in wuta ta ɗauke tsakiyar ɗorawa faifan ya tafi ke nan. Mai amfani da kyamara ko na'urar ɗauka da ke rubutawa kai tsaye a DVD kuma, sai ya shiga menu ya rufe faifan kafin ya fitar, in ba haka ba ita kaɗai za ta karanta shi.

Bidiyon waya na da tasa matsalar: yawan hoton da take ɗauka a daƙiƙa na hawa da sauka, shi ya sa baki ke rigan murya bayan minti ashirin ko talatin. Ka fara wuce da shi ta manhajar HandBrake ka tsayar da shi a 25 kafin ka kai DVDStyler.

Kada ka manna takarda a bayan faifai. Zafin Afrilu da Mayu na ɗaga gam ɗin, faifan ya karkace ya riƙa rawa cikin na'ura. Rubuta da alƙalamin faifai, ka sa shi a kwali. In ya yi ƙura, a goge da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Kafin ka miƙa aiki, gwada shi a na'ura mafi tsufa da za ka iya samu, ka tsallaka zuwa babin ƙarshe ka bar shi ya kai har ƙarewa, sannan ka ajiye ISO ɗin don ranar da dangin ango za su nemi nasu.